ABIN DA NA TSINTA A BAYAN LITTAFIN LISSAFI

Yau ba labarin Alhaji da amaryarsa na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba ji daga alƙalamina. Abin da ya faru da ni ne a cikin ɗakina, kuma sai da na yi wata da watanni ina juya shi a raina kafin na yarda in sa shi a takarda. Wadda abin ya shafa ma sai da na nemi izininta, ta ce in rubuta amma kada in kama sunanta. Na ce da ma ina ni ina kama sunanki, ke da kike 'yar fari kuma mai sunan mahaifiyata? Ummi muke ce mata a gida, to a nan ma Ummin za mu ce.

Wata Asabar ce da hantsi, ta tafi islamiyya, ni kuma na ɗauko jakar makarantarta zan wanke don ta yi dauɗa har ba a gane kalarta. Na zazzage littattafan a kan tabarma, sai na lissafi ya faɗo a buɗe ta baya. Ina dubawa na ga rubutu layi-layi, gajeru-gajeru, da jan biro, wanda ko kusa bai yi kama da lissafi ba. Gabana ya faɗi ras! Ke da kike uwa kin san abin da ya fara zuwa raina. Yarinya 'yar shekara 15, ta fara yawan shiru, ta fara daɗewa a gaban madubi, na ce shi ke nan, wani mara kunya ya fara hure mata kunne. Ni da nake tsara wasiƙun soyayya a littattafaina ina kaiwa kasuwa, ga shi yau an biyo ni da su har gida. Na tura ƙofa na zauna a bakin gado, wallahi hannuna har rawa yake yi.

Ashe waƙa ce. Baiti 21, ƙwar bibbiyu, amsa-amon wani wuri ya zauna daram, wani wuri ya zame, kamar ɗinkin mai koyon keke. Na bi ta daga sama har ƙasa ina neman sunan saurayi ban samu ba. Namiji ɗaya ne a cikinta, shi ma ba ta kama sunansa ba, baƙo kawai take ce masa. Mai maganar kuwa a cikin waƙar, wai Daurama ce.

Ga wadda ta manta labarin, ko wadda ta yi fashi ranar da aka koyar da shi a firamare, bari in tuna mata a gurguje. An ce kafin zuwan Bayajida mata ne suke sarautar ƙasar Daura, tun daga Kufuru har aka gangaro kan Magajiya Daurama. A garin akwai rijiya mai suna Kusugu, a cikinta akwai wani maciji da ake ce wa Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Sai ga baƙo daga gabas, an ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya biyo ta Barno ya auri 'yar sarki, ya baro ta a Garun Gabas da ciki, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa da ake kira Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce babu, yau ba Juma'a ba ce. Ya karɓi guga ya nufi rijiya, macijin ya riƙe gugan, ya jawo shi ya datse masa kai. Da gari ya waye Daurama ta ce duk wanda ya yi wannan aiki ta ba shi rabin gari. Da aka gano shi ne, sai ya ce shi ba rabin gari yake so ba, ita yake so. Daga nan aka sami Bawo. 'Ya'yan Bawo shida da ɗan matar nan ta Barno su ne asalin Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Daga nan kuma ba a sake jin mace a kan gadon sarautar Daura ba.

Haka aka koya mana, haka muka haddace muka rubuta a jarrabawa aka ba mu maki. Ni dai tunda nake ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda Daurama ta kwana a daren nan ba. To daga nan Ummi ta fara. Ta sa sarauniya ita kaɗai a ɗaki, an sallami fadawa, kuyangi sun yi barci, ta zauna tana cire awarwaro ɗaya bayan ɗaya tana lissafi: rabi ta yi tayi, ga shi za a tafi da duka, har da mai tayin. Kuma ba ta sa ta zagi baƙon ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ta yarda ya yi abin kirki, tulunan mata sun cika, yara sun yi wanka ranar da ba Juma'a ba. Sai dai tana cewa da can ta san ƙishirwar kwana shida, ta san yadda ake tattalin ruwa a randa, ta kuma san akwai rana ɗaya da ba mai hana ta; yanzu da kowace rana ta zama ta ruwa, wace ce tata?

Ana cikin haka, wajen baiti na goma sha biyu, sai murya ta sauya ba sallama. Ba sarauniya ce take magana ba kuma, wata yarinya ce wadda bara warhaka take 'yar gala-gala a ƙofar gida, bana an ce mata ta girma ta shiga ciki. Yarinyar da ta fara ƙirga kwanakin fashin salla a ɓoye don kada ƙannenta maza su gane. Wadda mahaifinta ya daina jawo ta kusa da shi a kan tabarma, wadda in ta kai abinci soro sai maza su yi ƙasa da murya har ta fita. Ta ce ita ba ta san ko wace ce ita a cikin labarin nan ba, ko sarauniyar ce, ko rijiyar, ko tsohuwar da ta ba da aron guga. Baitin ƙarshe kuwa tambaya ce: shin a daren nan uwar Daurama tana da rai? In tana da rai, me ta ce?

Nan na ajiye littafin a cinyata. Domin na san dare ɗaya da take nufi, kuma ba a Daura aka yi shi ba.

Sati uku kafin wannan rana, yayan maigidana, wanda yara suke ce wa Baffa, ya zo bayan sallar isha suka zauna a falo. Na kai musu shayi, na ji da kunnena. Wai akwai ɗan wani amininsa, yaron kirki, mai salla, yana da shago a Kantin Kwari, ya ga Ummi a wajen wani biki ya yaba da hankalinta. A sa rana bayan ƙaramar salla, karatu kuwa ai ba abin damuwa ba ne, sai ta ƙarasa a ɗakinta. Na ajiye faranti na ce a sha lafiya, na fito. Ko uffan ban ce ba. Ummi tana bakin famfo tana wanke-wanke, daidai ƙarƙashin tagar falon, ni a wautata na ɗauka ƙarar ruwa ta hana ta ji.

"Ta ƙarasa a ɗakinta." Ni ma da wannan magana aka kai ni. Na dai ci sa'a na zana jarrabawar aji shida, sati biyar a tsakani aka sa ni a lalle, aka ce da na huta zan shiga kwalejin horon malamai. Yau shekara nawa ke nan, har yanzu hutawar nake yi. Ba na ce an cuce ni ba, kada a ji ni ba daidai ba. Na sami miji mai mutunci, shi ne ma ya ba ni kuɗin buga littafina na farko. Amma na san nauyin wannan alkawari, bai kai na fankon ashana ba.

Sai kuma wani abu ya taso mini wanda na daɗe da binnewa. Ni ma ina 'yar shekara 14 na taɓa yin irin wannan littafi. Nawa ba na lissafi ba ne, tsohon littafin awon Babanmu ne da ya rage shafuka a baya. Yayana ya tsinto shi a ƙarƙashin katifa, ya fito tsakar gida ana shan iska bayan magariba ya dinga karantawa da ƙarfi yana maƙale murya kamar ta mata, kowa yana dariya har da masu riƙe ciki. Da aka gama dariyar, wata gwaggonmu ta karɓe shi ta ce gidan nan ba a taɓa yin zabiya ba, kuma ba za a fara a kanta ba. Ta cusa shi a murhu, da shi aka ƙarasa tuwon daren. Na ci tuwon kuwa, don ba a isa a ce ba a ci ba.

Tun daga ranar ban sake haɗa ɗango biyu ba. Da hannuna ya dame ni da ƙaiƙayi sai na koma ƙagaggen labari, don shi labari yana da wurin ɓuya. In an ce ke ce wannan, sai ki ce haba, ai Hajiya wance ce a cikin littafi, ni ina ruwana. Waƙa kuwa ba ta da bayan ƙofa. Ko kin sa ta a bakin Daurama, wanda ya san ki zai ji numfashinki a ciki.

Abin da ke ba ni haushi da maganar gwaggon nan, har yau da ƙasa ta rufe mata ido, Allah ya jiƙanta, shi ne ba gaskiya ta faɗa ba. Gidanmu an yi waƙa, uwar da ta haife ta ma ta yi. Kakarmu, Iya, a wani ƙauye take a ƙasar Kazaure, can ake kai mu hutu. Ko da muka taso inji ya riga ya shigo ƙauyen, amma ita ta ƙi rabuwa da dutsen niƙanta, wai garin inji ƙarfe yake wari. Da asuba kafin zakara ya yi cara ta biyu za ki ji gurzar dutse, sannan ki ji muryarta a hankali tana bin sa. Ni ce mai tara mata gari a faifai, ina gyangyaɗi ina ji. A bakin dutsen nan na fara sanin cewa Iya ta taɓa haihuwar 'ya'ya uku kafin Babanmu, duk suka koma. A nan na ji an kawo ta gidan tana kuka da 'yar tsanarta a ƙugu, na ji sunan ƙawarta da aka kai wani gari mai nisa ba su sake haɗuwa ba, na ji yadda ta yi da kishiyar da ta zo ta same ta. Da rana tsaka in kika tambaye ta ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta ce ke tafi can, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Amma in dutse yana tafiya, komai fitowa yake yi.

Ku duba fa ku gani, rayuwar 'ya mace a ƙasar Hausa ba inda waƙa ba ta raka ta. Tana goye ana yi mata ta raino. Ta tasa ta fita dandali da farin wata, a yi da'ira ana tafi, mai bayarwa tana bayarwa ana amsawa, ta faɗa baya ƙawaye su cafe ta, gaɗa ke nan. A nan take koyon yabon saurayi ba tare da ta kama sunansa ba, a nan take faɗin wanda ba ta so a ba ta, a gaban kowa, kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya tunda waƙa ce. Ranar kamu da ranar lalle ƙawaye su yi mata wadda za ta sa ta kuka, tsofaffi su yi mata ta haƙuri da zaman gidan miji. Ta shiga ɗaki kuma ga turmi, ga lugude, ga habaicin da ba a iya faɗa wa kishiya ido da ido. In biki ya kama a kife ƙwarya a ruwa a yi amada. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin yadda manyan mata masu jin kai suke zubar da mayafi in aka sa Barmani Choge ba? Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013, matar da ta yi ta yi wa mata faɗan su tashi su kama sana'a.

Yanzu fa? Inji ya cinye waƙar niƙa, fura ma ta koma ta inji. Dandali ya mutu a birni, wa zai bar 'yarsa a waje bayan isha a wannan zamani? Ni kaina ban bar Ummi ba, kuma ban yi nadama ba. Amma ban taɓa tunanin cewa duk abin da Iya take saukewa a kan dutse, da abin da iyayenmu suka sauke a dandali, ita Ummi tana ɗauke da irinsa ba ta da inda za ta ajiye ba. Sai bayan littafin lissafi.

Af, tunda ana maganar habaici, bari in ɗan ratse. A cikin labarin Dauran nan akwai wurin da malaman firamare suke tsallakewa, alhali shi ne ya fi kama da gidajenmu. An ce da farko Daurama ba ta yarda da baƙon ba, sai ta ba shi kuyanga, Bagwariya. Kuyanga ta riga ta haihuwa, ta sami namiji ta sa masa suna Karɓagari. Ku ji fa! Da Daurama ta haifi nata sai ta ce sunansa Bawo, wato a bawo garin, a dawo da shi. Mata biyu a gida ɗaya suna jifan juna da sunan 'ya'ya. Duk wadda ta zauna da kishiya ba sai an yi mata fassara ba. In ma labarin ƙirƙira ne, to wadda ta ƙirƙiri wannan wurin ta san ɗakin mata ciki da bai.

Kuskuren da na fara yi shi ne na nuna wa yayar maigida, ina neman wadda za ta tsaya mini. Ta sa tabarau ta karanta, ta ɗago ta ce, "Maman Ummi, wannan ai ba lafiya ba. Yarinya tana zancen maciji da rijiya da tsakar dare, tana cewa ba ta san ko ita wace ce ba? A nemo mai ruƙiya. Labaran maguzawa ne fa waɗannan. Irin wannan ai auren shi ne maganinta." Ban ga laifinta duka ba, tsoro ne irin na manya, sun ga jiya sun ga yau. Ni ma ban ce labarin Bayajida hadisi ne ba. Masana tarihi da dama ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru daki-daki ba, wasu suna ganin hanya ce da mutanen da suka bi don su adana labarin yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma na maza. Amma in yarinya ta ari bakin Daurama don ta faɗi abin da ba ta iya faɗa wa uwarta, wannan ba aljani ba ne. Ni ce ban buɗe mata ƙofa ba.

Na ce, "Yaya, to Nana Asma'u fa?" Ta ce ai wannan waliyyiya ce, kar in haɗa. Na ce ban haɗa ba, amma ita ma da ƙuruciya ta fara. An haife ta a 1793, tana 'yar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, a cikin yaƙi da yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan ta zama budurwa. Kuma a gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba wanda ya cusa takardarta a murhu. Ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci har ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, tana ba kowace malfa, su riƙa tahowa daga ƙauyuka da ayarin mata suna ɗaukar karatu. Su wa suke tahowa da su? Tsofaffi da 'yan mata ƙanana, tunda matan aure masu goyo ba sa iya tafiyar. Wato sa'o'in Ummi da waɗanda ba su kai ta ba, su ne suke haddace waƙoƙin su kai wa iyayensu mata a gida. Kuma ba wa'azi kaɗai ta yi ba, ta yi marsiyya ta yi kukan aminiyarta A'ishatu da ta rasu, kuka irin na mace da ta rasa 'yar uwa. A zamanin boko ma ga Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu a Zariya a 1983 a littafin Alƙalami a Hannun Mata. Yaya ta cire tabarau ta ce ita dai ta faɗi nata. Kafin la'asar magana ta isa gidan Baffa, an ce ni nake zuga yarinya.

Da na ga haka na ce gara in riga kowa. Da daddare bayan maigida ya ci abinci, yara sun kwanta, na ce, "Abban Ummi, ina so in karanta maka wani abu." Ya ce sabon littafin ne? Na ce ka dai ji. Na karanta masa tun daga farko, yana kishingiɗe yana sakace. Da na zo inda yarinyar take cewa mahaifinta ya daina jawo ta kusa da shi a tabarma, sai na ga ya tashi zaune. Na gama, ɗakin ya yi tsit. Ya ce, "Wa ya rubuta?" Na miƙa masa littafin, ya juya ya ga sunan da ke bangon. Ya daɗe yana kallon jan biron nan. Can ya ce, "Kin san fa Yaya ya riga ya yi magana." Na ce na sani, ni ma ina wurin, kuma ban ce komai ba, shi ya sa yau nake cewa.

Kwana uku daga gaisuwa sai gaisuwa. A na huɗu yana ɗaura agogo zai fita kasuwa, bai ko dube ni ba, ya ce ya gaya wa Yaya a dakata sai ta gama aji shida, in yaron yana so ya jira, sannan kuma a tambaye ta. Iyakarta ke nan. Ba a fasa ba, ɗagawa aka yi, shekara biyu. Matar Baffa har yau in mun haɗu a gidan suna da ƙyar take amsa gaisuwata.

Ina tsammanin in Ummi ta ji za ta rungume ni. Ina! Da ta gane ta inda aka bi aka sami wannan sauƙi, sai ta tsaya a bakin ƙofa idonta ya kawo ruwa ta ce, "Umma, karantawa kika yi? Har Abba? Har Gwaggo?" Na ce don ke na yi. Ta ce, "Ai ba na kowa ba ne." Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar yagar takarda. Na tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu, sai ga ni ina ganin yayana a tsaye yana maƙale murya. Ban yi dariya ba, ban kai murhu ba, amma ni ma na ɗauki abin da ba a ba ni ba na karanta a gaban mutane. Har gobe kuma in aka mayar da ni ranar, ban san wata hanyar da zan bi ba.

Wata biyu muna zaman doya da manja, daga to sai a'a. Sai bikin wata 'yar ƙanwar Babanmu ya kai mu Kazaure. Washegarin ɗaurin aure na ce da ita ta shirya ta raka ni unguwa, ban gaya mata ko ina ba sai da ta ga mun hau motar Daura. Muka sauka muka tambaya aka nuna mana. An gina wa rijiyar ɗaki, tana ciki a killace, kuma har yanzu da ruwanta. Mai kula da wurin ya ba mu labarin da muka riga muka sani, ya zura guga ya jawo, muka sha. Ranar Litinin ce. Ummi ta dafa bakin rijiyar ta leƙa, ta daɗe tana leƙe har na kama gefen hijabinta. Da ta ɗago sai ta ce, "Umma, ashe ba ta da wani girma." Maganar da ta fara yi mini ke nan da kanta tun ranar nan.

A mota muna dawowa, mun matsu a kujerar baya da wata mata mai kaji, na ba ta labarin littafin awon Babanmu da murhu, abin da ko mahaifinta ban taɓa gaya wa ba. Ta yi shiru har muka wuce wani ƙauye. Sannan ta ce, "Me kika rubuta a ciki?" Na buɗe baki zan faɗa, na lalubo na lalubo, wallahi ko ɗango ɗaya ban samu ba. Ina tuna kalar bangon, ina tuna warin hayaƙin, har miyar da aka ci tuwon da ita ina tunawa, kuka ce. Amma abin da na rubuta ya tafi.

Da muka sauka a tasha ta ce in ba ta kuɗi za ta sayi abu. Ta tsallaka wajen mai tebur ta dawo da sabon littafi mai shafi 40 da biro, baƙi wannan karon. Ta ce saura canji, na ce ta riƙe. Sai ta koma ta sayo ɗan ƙaramin kwaɗo.

Yana nan maƙale a akwatinta, mabuɗin kuma a wuyanta yake kwana. Shekaranjiya na sake wanke jakar makarantar, na zazzage ta a kan tabarma, ba komai a bayan littafin lissafi sai lissafi.